Guntun Bututu a Bangon Kicin

A unguwar babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sau-Ɗaya ake ce masa, har 'ya'yan cikinsa ma haka suke faɗa in ba ya kusa. Mai gyaran famfo ne, kuma sunan ya samo asali ne daga wata cika-baki da yake yi tun yana saurayi, wai shi ba a kiransa sau biyu a kan aiki guda. To, a yi masa adalci, shekara talatin da 'yan kai yana yawo da jakar sifanoni a kafaɗa, kuma da wuya ka sami gidan da ya taɓa wa famfo aka sake nemansa a kan wannan wurin. Gajere ne kakkaura, ga faɗin ƙirji, ga tafin hannu kamar fatar ganga, ga taurin kai da sai dai a ce Allah ya kyauta.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, wani tsoho marar yawan magana wanda bai bar masa gado ba sai sukundireba mai dogon baki da darussa biyu. Na farko, duk abin da ya toshe matsi yake so: ka zura waya, ka tura ruwa da ƙarfi, in ya ƙi ka ƙara. Na biyu kuwa sau ɗaya tak tsohon ya faɗa, a wani bene da suke aiki. Bututu yana ta gurnani a cikin bango, can sai ya yi tsit. Saurayin ya washe baki ya ce ai ya buɗe. Kawun ya murɗa kan famfo, ko ɗigo babu. Ya ce, "Ruga ka kashe babban makunni. In bututu ya yi shiru alhali ruwa bai fito ta inda ya kamata ba, ba buɗewa ya yi ba, fashewa ya yi a inda idonka ba ya gani." Kafin su sauko ƙasa silin ya fara zuba.

Darasin farko ya zama abin aikinsa na kullum. Na biyun ya ajiye shi can ƙasan zuciya, don ba kasafai ake bukatarsa ba.

In ka ga Sau-Ɗaya a bakin aiki sai ya ba ka sha'awa. Zai kafa bakin sukundireban a jikin bango, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido, kowa a gidan ya yi shiru kamar ana jiran hukunci. Can sai ya zana alama da fensir ya ce, "Nan za a fasa." A fasa, a tarar da ɓarnar a wurin. Matan unguwa kan ce mutumin nan yana jin maganar ruwa.

Amma je ka gidansa ka sha mamaki. Shi ya ja ruwan gidan da hannunsa shekarar da suka tare, ya kafa famfo a tsakar gida, ya kai wani banɗaki. Na kicin ne ya rage. Ya ja bututun har ciki, ya fito da guntunsa ta bango, tsawon ɗan yatsa, sai ya tarar kan famfon da ya saya bai yi daidai ba. Ya ɗaure bakin da murfi ya ce wa matarsa, "Mako mai zuwa." Shekara ashirin da shida ke nan, mako mai zuwa bai zo ba.

Uwargida, wadda ita kaɗai ce matarsa duk tsawon zaman, ta yi magana a shekarar farko, ta yi a ta biyu, ta gaji ta mai da abin wasa. A jikin guntun bututun take rataye ludayi. In baƙuwa ta tambaya sai ta ce, "Maratayi ne maigida ya yi mini, na ƙarfe, ba irin naku na ƙusa ba." Kullum sai ta ɗebo bokiti shida ko bakwai daga tsakar gida, da ciki da goyo, har ta yaye 'ya'ya huɗu ta aurar da su. Shi kuwa in ya dawo ya gan ta tana rangaji da bokiti, sai ya ce, "Kai, lallai makon nan zan duba abin nan." Ta ce, "Allah ya kai mu."

Akwai kuma wani hali nasa da gidan duka suka sani. Shi a ganinsa cikin mutum da bututu duk tafiyarsu ɗaya. Ciwon kai, kasala, ƙuraje, rashin cin abinci, duk toshiya ce. Yana da wani gwangwani na gishirin wankin ciki a saman kwaba, kuma tun 'ya'yan suna ƙanana in suka ji ƙarar cokali a kofi sai kowa ya ce ya warke. Yawanci kuwa ciwon kan tafi don kansa, shi kuma ya ɗauki yabon. Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa ke nan, kuma abin da ya kusa kashe masa mata ke nan.

Ranar wata Talata da safe Uwargida ta ture kofin shayinta ta ce ba ta jin cin komai. Ta dafa cibiya ta ce nan ne yake ɗan murɗa mata, ba wani ciwo na a zo a gani ba, sai dai ya ƙi tafiya.

"Toshiya ce," in ji shi, ko kallo na biyu bai yi ba. Ya sauko da gwangwani, ya dama cokali guda, ya tsaya a kanta har ta shanye tana yamutsa fuska. Ya ɗauki jaka ya fita.

Da ya dawo da yamma ta ce cikin ya ɗan motsa, amma ciwon yana nan, ga tashin zuciya. Washegari Laraba abin ya sauya. Ciwon ya bar cibiya ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama, ya tsaya a wuri guda har tana iya nuna shi da yatsa ɗaya. Jikinta ya yi ɗumi. In za ta je banɗaki sai ta tafi a duƙe tana dafa bango, in ta yi tari sai ta riƙe wurin ta rintse ido.

Wani mijin da tuni ya tsorata. Sau-Ɗaya kuwa, wallahi murna ya yi. Ya ce, "Kin gani ko? Jiya yana sama, yau ya sauko. Tafiya yake yi, ya kusa bakin fita. Ɗan ƙarin matsi kawai yake so." Haka yake gani a magudana kullum, toshiya in ta gusa daga inda take to an kusa cin nasara. Ya dama cokali biyu.

Autarsu, wadda take koyarwa a wata makaranta a ƙarshen gari, ta biyo bayan an tashi. Ta taɓa goshin uwar, ta dubi kofin, ta dubi uban.

"Baba, don Allah a kai Mama asibiti. Wannan ba ciwon gishiri ba ne."

"Ke da gishirin nan aka raine ki, ga ki nan kin fi ni tsawo."

"Baba, tafiyarta fa ka duba."

"In bai saki gobe ba, jibi sai a je."

Uwargida ta ce daga kwance, "Ƙyale babanki, Auta. Jibinsa da mako mai zuwansa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Ta so ta yi dariya, ciwon ya hana ta. Rabin abin da ta sha ta amayar.

Ranar Alhamis ya fita aiki amma hankalinsa bai zauna ba, ya dawo kafin azahar. Tun daga ƙofa ya jiyo muryar Auta tana hamdala. Ya shiga ya tarar Uwargida ta jingina da filo, fuskarta ta saki.

"Maigida, ka ci gari," ta ce a hankali. "Ɗazun nan ya yi mini wani irin suka kamar raina zai fita, sai kuma ya sake ni gaba ɗaya. Yanzu ba na jin komai."

Ya ajiye jaka yana murmushi, har ya buɗe baki zai ce wa Auta ai ga shi nan. Sai tambayar da ya saba yi a bakin aiki ta riga shi fitowa.

"Kin zaga?"

"A'a. Tun jiya ban zaga ba."

"Ko kaɗan? Ko iska?"

"Ko iska."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya tsaya yana kallonta, sai ya ga gumi ya tsattsafo a goshinta, leɓɓanta sun bushe, numfashinta gajere-gajere. Gurnani ya tsaya, kuma ba abin da ya fito ta inda ya kamata. Muryar kawunsa ta dawo masa tar kamar tsohon yana tsaye a bakin ƙofa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Auta, ɗauko mayafinta. Kira direban nan na maƙwabta, ki ce ya zo yanzu-yanzu."

"Baba, ai ta ce ta sami sauƙi."

"Ba sauƙi ba ne! Ya fashe. Wani abu ya fashe a ciki."

A mota ya rungume ta a kujerar baya, abin da bai taɓa yi a gaban 'ya'yansa ba. Ba su yi rabin hanya ba ciwon ya dawo, wannan karon ba a wuri guda ba, cikin duka. Duk ramin da taya ta faɗa sai ta ƙanƙame rigarsa. Da suka isa, cikinta ya yi tauri kamar katako.

Likitar da ta karɓe su mace ce siririya mai tabarau, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta danna cikin a hankali, ta yi tambayoyi a gaggauce: yaushe ya fara, daga ina, ya koma ina. Sannan ta ce, "An ba ta wani magani a gida?"

Auta ta sunkuyar da kai. Sau-Ɗaya ya ce, "Ni na ba ta. Gishirin wankin ciki. Shekaranjiya cokali ɗaya, jiya biyu."

Likitar ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da aikinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Aka sa wa Uwargida ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, aka miƙo masa takardar amincewa da tiyata ya sa hannu. Afendis ne, in ji su, kuma ya riga ya fashe. Aka tura gadon ta wata ƙofa mai murfi biyu, ƙofar ta rufe.

Awa uku ya yi a kan benci. A bangon da ke gabansa akwai wani famfon wanke hannu da yake ɗiga, ɗis, ɗis, kuma karo na farko a rayuwarsa ya ga famfo yana zuba bai ji hannunsa yana ƙaiƙayi ba.

Bayan la'asar likitar ta fito ta kira su wani ɗan ofis. Ta ce an cire abin, an wanke cikin, amma mugunya ta riga ta bazu, don haka sai an ga yadda kwanaki masu zuwa za su kasance. Sau-Ɗaya ya ce, "Likita, ni ban yi boko mai zurfi ba. Ki nuna mini yadda abin yake, in gane."

Ta jawo takarda ta zana. "Baba, ga ƙaramin hanji, ga inda ya haɗu da babba, nan ƙasan ciki ta dama. A daidai mahaɗar akwai wani ɗan guntun hanji da ya fito gefe, bai wuce tsawon yatsa ba. Bakinsa ɗaya ne, ƙarshensa a rufe yake, ba ya kaiwa ko'ina. Kowa yana da shi, kuma yawancin mutane har su mutu ba zai dame su ba."

"Guntun bututu mai murfi," ya faɗa a hankali.

"Kusan haka. To cikinsa kullum yana fitar da ɗan ruwa mai yauƙi, yana tsiyayewa cikin babban hanji. Ranar da bakin ya toshe, ruwan ba shi da hanya. Sai ya taru, ƙwayoyin cutar da dama can suke zaune a hanji su sami wurin hayayyafa, abin ya kumbura. Da farko jiki ba ya gane takamaiman wurin, shi ya sa ake jin ciwon a cibiya. In kumburin ya kai ga taɓa bangon ciki, sai ciwon ya koma dama ya tsaya."

"Ashe ba tafiya yake yi ba."

"Ba tafiya yake yi ba, girma yake yi. In aka bar shi, matsin yakan danne jijiyoyin da suke kai masa jini, naman ya mutu, ya huje. Lokacin da ya huje matsin yakan sauka, mutum ya ji kamar ya warke na ɗan lokaci, alhali dattin yana malala cikin ciki."

Auta ta ce, "Likita, me yake toshe shi? Mama kullum tana cewa tsakuwar shinkafa ce take kawo shi, har faɗa take mana in ba mu tsince da kyau ba."

Likitar ta ɗan murmusa. "Haka mutane da yawa suke cewa, amma da wuya ƙwarai a tarar da tsakuwa ko ƙwallon wani abu a ciki. Galibi bayan gida ne yake daskarewa ya zama ɗan dunƙule mai tauri, ya toshe bakin. Na mamanku ke nan, na gan shi, bai fi ƙwayar wake ba. Wani lokaci kuma, musamman ga yara da matasa, naman wurin ne yake kumbura kamar kaluluwa bayan wata rashin lafiya, ya rufe hanyar. Wani lokaci tsutsar ciki ce. Wani lokaci ma mu buɗe ba mu ga abin da ya toshe ba."

Sau-Ɗaya ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya yi tambayar da take cin ransa tun a mota.

"'Yata, ki gaya mini tsakani da Allah. Ni na fasa shi?"

Ta cire tabarau ta ajiye. "Baba, ba kai ka toshe shi ba, wannan ba laifin kowa ba ne. Ko gishirin ne ya ƙarasa shi, ba zan iya rantsewa ba, amma ba a ba mai irin wannan ciwo maganin wankin ciki, don hanjin da ya kumbura ba ya son a tsananta masa. Abin da na tabbata shi ne kwana biyun nan. Da ranar Talata ko Laraba kuka zo, da aikin rabin awa ne, ta kwana biyu ta koma gida." Ta mai da tabaraunta. "Amma kuma da kun yarda da sauƙin nan na ɗazu kun bari sai gobe, da wata maganar muke yi yanzu. Wa ya ce a taho?"

"Baba ne," in ji Auta.

Bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Kunya ce ta rufe shi, da baƙin ciki, don ya san hannun da ya kawo ta shi ne hannun da ya dama kofin.

Kwana biyar zazzaɓi yana hawa yana sauka. An bar wata 'yar roba a gefen cikinta tana tsiyayar da ruwa cikin jaka, shi kuma ya zauna a gefen gado yana kallon launin ruwan kamar yadda yake kallon magudanar da ya gama wankewa. Ya daina zuwa aiki. Waya tana ta ƙara a aljihu, gidaje suna ambaliya, ko a jikinsa. A rana ta huɗu likitar ta ce in zazzaɓin bai sauka ba, wataƙila mugunya ta sake taruwa, sai an koma ciki. Ta faɗa tana ɗan jin nauyi, kamar mai neman gafara a kan aikin da bai kammalu ba.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana alfahari da cewa ba ya komawa kan aiki ya ce, "Ki koma, Likita. Sau biyu, sau goma, ki koma. Ni dai ki ba ni ita."

Ba a kai ga komawar ba. A rana ta shida zazzaɓin ya sauka, Uwargida ta buɗe ido sosai ta ce tana son shayi, kuma kada maigida ya kusanci kofin. Auta ta yi dariya har da hawaye. Shi ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Ranar da za a sallame ta, likitar ta jera sharuɗɗa, na ƙarshe shi ne kada ta ɗaga wani abu mai nauyi har wata biyu. "Ko bokitin ruwa," in ji ta. Uwargida ta saci kallon mijinta.

Ya bar su suna haɗa kaya ya riga su zuwa gida. Ya kashe babban makunni, ya shiga kicin, ya sauke ludayin daga inda yake rataye. Murfin ya yi tsatsa ya manne, sai da ya sa babbar sifana ya dafa ƙafa a bango kafin ya motsa. Da ya buɗe, wani baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo, ruwan da ya kwana a wannan guntun tun Auta ba ta zo duniya ba. Ya tara tsohon gwangwanin gishirin, wanda ya riga ya juye a shara, ya tare ruwan. Ya wanke bututun, ya naɗa zare, ya ɗaura sabon kan famfo, ya kafa ƙusa a gefe ya mai da ludayin.

Da motar ta tsaya, Auta ta riƙo uwar suka shigo a hankali. Ya ce kafin ta kwanta ta ɗan leƙa kicin. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon abin yana ƙyalli a bango. Ta taka da kanta, hannu ɗaya a kan ɗinkin, ta murɗa. Ruwa ya zubo fari tas. Ta tara tafin hannu ta bar shi yana zuba a kai, ta daɗe a haka.

Ba ta juyo ba ta ce, "Maigida, aikin nan awa nawa ya ɗauke ka?"

Ya so ya ƙara wani abu a kai, ya ce sai da aka sha wahala, sai da aka nemo kaza da kaza. Bakinsa ya ƙi.

"Bai kai awa ɗaya ba," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta rufe famfon, ta goge hannu a gefen zane, ta ce wa Auta ta zo ta kai ta ɗaki.